Yatsun Majemi

Takardar ta zo ne wata Talata cikin watan Mayu na 2013, a farar ambulan mai kauri. Ban iya karanta ta ba. Turancina ya tsaya a aji biyu na ƙaramar sakandare, inda na ajiye jaka na ce na gaji. Sai na kai wa ƙanwata Husaina, wadda ke kwalejin horar da malamai. Ta zauna a bakin rijiyar gidanmu a Gwammaja, ta bi ta layi-layi da ɗan yatsa.

"Yaya, izinin aiki ne. Gwamnatin ƙasarsu ta yarda kamfaninsa ya ɗauke ka. Sun rubuta ka a matsayin ƙwararren mai tantance fata."

"Ƙwararre?"

"Su suka ce, ba ni ba. Amma ransa wata shida ne. In ba a buga maka biza kafin sha biyar ga Nuwamba ba, ya mutu."

Wanda ya aiko takardar wani Bature ne da muke kira Mai Shinshina, don ba ya sayen fata sai ya kai ta hanci. Shekara bakwai yana zuwa majemarmu ta Ƙofar Wambai, sau biyu a shekara. Shi da hanci yake aiki, ni da yatsu. Ina shafa fata sau ɗaya zan gaya maka inda kaska ta cija, da inda wuƙar mahauci ta zame wajen fiɗa, da akuyar da ta yi rayuwarta cikin ƙaya. Wata rana ya zube min fata talatin, ya sa na juya fuska ina kallon titi, na ware su kashi uku bisa kyansu: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da fitila. Daga ranar bai ƙara saye ba sai ina wurin.

Sai aka yi Juma'ar bama-bamai a farkon 2012. Bayanta dokar hana fita, bayanta shingayen sojoji, bayanta satar Turawa. Kamfaninsa ya hana shi taka Kano. Fataken Chadi da na Maiduguri su ma suka ɗauke ƙafa. Shekara ta zagayo, sai ga waya daga tafintansa: tunda shi ba zai iya zuwa wurin hannun ba, hannun ya zo wurinsa.

Ni kuwa da ma zama ba ya karɓata. Na sayar da murfin waya, na yi yaron mota zuwa Damagaram, na yi acaɓa har ranar da aka hana ta. Ban taɓa cika wata huɗu a sana'a ɗaya ba sai jima, ita ma don gado ce, kuma kullum da ƙafa ɗaya a waje nake yin ta. Da aka hana acaɓa na koma majema gaba ɗaya. Ma'aikatan mahaifina sun watse sun koma ƙauyukansu, saura Salihu kaɗai, wani mutumin Gezawa da ya girme ni da kaɗan. Don haka aikin da a da ba na yi, na tsoma fata a ramin toka da kabayid don gashi ya saki, ya dawo kaina safe da yamma.

Na sami Baba, Malam Maharazu, a durƙushe yana kankare fata da kartaji, wuƙar majema, na gaya masa abin da Husaina ta karanta. Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana, Gwadabe, ba, kuma bai cika kallon fuskata ba. Bai ɗago ba.

"Allah ya sa alheri ne," ya ce. Ya juya fatar ya ci gaba.

Na sayar da babur ɗina na shiga neman takardu.

Fasfo ina da shi tun zamanin acaɓa. Sauran ne suka zame min kamar kama 'yan tsaki a tsakar gida, kana cafke wannan wancan ya fice. Ana son takardar shaida daga 'yan sanda cewa ban taɓa laifi ba, ranta wata uku. Ana son gwajin asibiti da hoton ƙirji, shi ma wata uku. Ana son wasiƙa daga ubangidana, a kan takarda mai tambarin kamfani, mai cewa na yi shekara biyar zuwa sama a hannunsa.

"Wane kamfani?" in ji Baba. "Ni ubana ya koya min, shi ma ubansa."

Muka je shagon masu kwamfuta a Ƙofar Mazugal, aka ƙaga mana suna, Maharazu da 'Ya'yansa, aka ɗora hoton akuya a sama. Baba ya sa hannu da ajami. Aka aika wa tafinta ya duba, ya ce babu hatimi. Na sa aka sassaƙa hatimi. Ya ce sai an yi rantsuwa a kotu cewa mai sa hannun shi ne mai majemar. Na ɗauki Baba a Adaidaita Sahu, muka tsaya a shinge uku kafin mu isa, ya yi rantsuwa a kan abin da duk Ƙofar Wambai ta sani tun kafin a haife ni. Kafin wannan ta kammala, gwajin asibiti ya ci rabin ransa.

A wurin 'yan sanda ne ya kamata in farga. Kofur ɗin da ke ɗaukar dangwale ya shafa min tawada, ya danna yatsuna a takarda, ya ɗaga ya duba. Baƙin tabo ne kawai guda goma, kamar an ɗiga miya.

"Kai, guga ake yi wa hannunka?" Ya yi dariya, ya miƙa wa na kusa da shi ya gani, sannan ya buga hatimi. Ni ma na yi dariya.

Aka ba ni ranar uku ga Satumba a ofishin karɓar takardun biza a Legas. Na hau doguwar mota a tashar Sabon Gari, wadda bam ya tashi a cikinta watanni kaɗan kafin nan. Har lokacin akwai baƙin ƙuna a jikin katanga. Fayil ɗina yana cikin leda, ledar tana cikin rigata.

A ofishin wata mata ce ta karɓe ni, Bayarabiya mai tabarau, ta ce ta yi bautar ƙasa a Bichi, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta duba takarduna duka, tana sa alama. Babu wadda ta ɓace. Na ji kamar in tashi in yi rawa. Sai ta turo min wani ɗan inji mai gilashi a sama.

"Sa yatsa huɗu. Danna."

Na danna. Fitila ta yi ja. Ta goge gilashin, na sake. Ja. Ta ce in shafa yatsuna a goshi don su sami maiƙo. Ja. Ta ba ni ruwa na jiƙa. Ta taso da kanta ta kama hannuna ta danna, sai ta tsaya, ta juya tafin ta kawo shi kusa da tabaraunta.

"Malam, hannunka babu rubutu."

Ta tambaye ni aikina. Na gaya mata, na nuna mata takardar da ke gabanta, inda aka ce ƙwararre. Ta shiga ciki ta daɗe. Da ta fito ta yi min bayani a hankali, rabi Hausa rabi Turanci. Ruwan toka ya cinye zanen yatsuna. Ba a haife ni haka ba, don haka ba za a yafe min ba, tunda abu ne mai dawowa. In na bar aikin, fata za ta sake toho cikin sati shida zuwa takwas. Ta rubuta min sabuwar rana, ashirin da takwas ga Oktoba.

"Kar ka taɓa komai," ta ce. "Ko sabulu mai ƙarfi. Ka ji?"

Na lissafa a mota. Daga ranar zuwa mutuwar izinina kwana goma sha takwas ne. Ba za a sami rana ta uku ba.

Innata, 'Yardada, ita ta karɓi aikin. Kullum bayan asuba sai ta narka man kaɗanya ta shafe min hannu, ta zura min safa biyu na Husaina. Wanki ta hana ni, ɗiban ruwa ta hana ni. Tuwo ma da cokali nake ci, don ta ce barkono yana cin fata. Ranar farko da na leƙa majema da safa a hannu, Salihu ya ajiye fatar da ke hannunsa ya yi guɗa kamar mace.

"Amarya ta shiga lalle. Gwadabe, wa za mu kai wa kuɗin sayen baki?"

"Za ka ga amarya ranar da na aiko maka hoto cikin dusar ƙanƙara."

"Ka aiko da takalmi, hoto ba ya hana kabayid cin ƙafa."

Maƙwabtan ramukanmu suka ɗauka. Har mai kokon bakin hanya Amarya take kirana. Baba bai yi dariya ba, bai kuma hana su ba.

Zama ya fi min komai wuya. Mutumin da bai iya zama wuri ɗaya ba aka ce ya zauna ya jira fata ta tsiro. In tafi Ƙofar Mazugal a ƙafa in dawo, in zagaya gindin Dala, in sake komawa. In an yi harbi a wata unguwa a rufe hanya, in dawo gida in kwanta ina kallon azara. Takardar 'yan sanda ta mutu a cikin jiran, na sake wata. Gwajin asibiti ya mutu, na sake bin layi aka sake ɗaukar hoton ƙirjin nan da bai canja ba.

Duk Juma'a bayan masallaci Husaina takan fasa biro, ta shafa min tawadar, ta danna yatsuna a bayan littafinta, ta rubuta kwanan wata a ƙasa. Satin farko tabo. Na biyu tabo. A na uku ta kai littafin bakin ƙofa wurin haske, ta kira Inna.

"Ku duba ƙaramin yatsan. Ga layi nan."

Siririn layi ne mai lanƙwasa, kamar tsiron gero bayan ruwan farko. A sati na biyar yatsu takwas sun fito, da zagaye da komai. Manyan yatsu biyu ne suka rage, su ma sun fara. Ban taɓa sanin haka hannuna yake ba. Nakan zauna in yi ta kallon shafin.

Ana saura kwana biyar Babbar Sallah aka harbe wani a kusa da inda Salihu ke haya, sojoji suka zagaye layin suka kwashi samari. Shi ya tsira don yana majema. Washegari ya zo da jakarsa, ya durƙusa gaban Baba.

"Malam, tsohuwa ta aiko. Ta ce in zo Sallah."

"Ka gaishe ta."

Duk mun san ba Sallah kaɗai ba ce. Da zai wuce ya dafa kafaɗata. "Amarya, a riƙe lalle da kyau," ya ce, amma wannan karon babu guɗa.

Wanda bai san jima ba ba zai san me layya take nufi a wurinmu ba. Fatar shekara guda takan zo cikin kwana biyu. Akwai gidaje a Gwammaja da Dala da suke kawo wa Baba fatun layyarsu tun zamanin iyayensu, ba sa kai wa kowa. Wasu a sayar masa, wasu amana ce, a jeme musu buzun salla. Rikici bai hana mutane yanka ba. Ranar Laraba fata ta taru a rumfarmu har ta kai ƙugu, ga zafi, ga ƙuda. Baba ya yi ta barbaɗa gishiri shi kaɗai, yana tsomawa a ramuka kashi-kashi. Kowa a majema yana fama da nasa, babu mai hannun aro.

Baba bai nemi hannuna ba. Da safe zai wuce ni a zaure ina zaune da safa, in gaishe shi ya amsa ya fita.

Ranar Asabar Inna ta ce ba wanda zai kai masa abinci, Husaina ta tafi gaishe-gaishen Sallah. Na rataya kwanon a wuyan hannu na tafi.

Ramin toka ba ya jiran kowa. In ka cire fata da wuri gashi ba zai saki ba. In ka bar ta ta wuce lokaci, fuskar fatar ta ƙone, ko baduku mai ɗinkin laya ba zai karɓa ba. Tsakanin biyun wani lokaci rabin yini ne, kuma babu agogon da ke faɗa, don ya danganta da ƙarfin ruwan da kaurin fatar da zafin rana. Ana gane shi ne da yatsu. Ka kama wuyan fatar tsakanin babban yatsa da manuni ka murza, ita za ta gaya maka.

Na tsaya a bakin rumfa ina kallon Baba. Ya zaro fata daga rami na farko, ya murza, ya mayar. Ya zaro wata, ya murza, ya daɗe yana murzawa, ya mayar. Ya koma ya sake zaro ta farkon. Daga inda nake warin ramin ya gaya min ya kusa wucewa. Sannan na ga jini yana bin gefen hannunsa na hagu, yana ɗiga cikin farin ruwan.

"Baba, ka yanke."

Ya duba hannun kamar na wani ne. Kartaji ya tsaga masa manuni, tsaga mai zurfi, kuma da alama tun ɗazu ne.

"Ba ka ji ba?"

Ya yagi tsumma ya ɗaure.

"Tun bara waccan ba na jin komai da su. Kamar da itace nake taɓa abu."

"To da wa ke duba maka ramukan?"

"Kai mana."

Na kalli hannuwana cikin safar Husaina.

"Ba ka lura ba ne? Duk wadda na zaro sai na miƙo maka. Kai kana zaton koya maka nake."

Na tuna. Shekara biyu, ko lokacin da nake acaɓa, sai ya tsayar da ni da safe ya ce in taɓa wannan in taɓa waccan kafin in fita. Ina jin haushi, ina cewa tsoho ya cika gwaji. Satin nan shida da na yi a gida Salihu ne ya riƙe shi, da ɗan abin da ya iya.

"Me ya sa ba ka faɗa ba tun da takardar ta zo?"

"In faɗa a yi me?" Ya karɓi kwanon daga wuyan hannuna. "Koma gida. Kana da ranar Legas."

Na fita, amma ba gida na nufa ba. Na shiga kasuwa na sayi safar hannu ta roba, mai kauri, irin ta masu kwasar kwata. Na dawo na cire na Husaina na zura su. Baba ya dube ni.

Da roba na yi ɗauka, na yi juyi, na yi kankara. Amma da na zo murza wuyan fata, duk ɗaya na ji su. Ta jiya da ta shekaranjiya, mai kauri da marar kauri, duk kamar taɓa katifa. Na gwada duba da ido, na gwada da hanci irin na Mai Shinshina. Na zaro wata da nake zaton ta yi, na sa kartaji, gashi ya ƙi. Na zaro wata, fuskarta ta biyo wuƙar.

Ba zan ce mantuwa ba ce. Na san abin da nake yi. Na ce wa kaina hannun dama kaɗai, yatsu biyu kaɗai, in murza in wanke nan take. Na cire robar. Sabuwar fatar yatsuna ta ji ruwan kamar wuta, kuma a cikin wutar na ji fatar ragon sarai, fiye da yadda na taɓa ji a rayuwata. Saura kamar awa biyu ta ƙone. Na ce wa Baba a kwashe ramin farko yanzu.

Ramuka shida ne, kowanne da ranar da aka cika shi, kuma a rami ɗaya ma ba duka suke nuna tare ba. Wankewa bayan kowace fata ya zama bayan kowace goma. Kafin la'asar robar hagu ma tana ƙasa. Na yi Asabar, na yi Lahadi, na yi Litinin, na yi Talata. Daga toka zuwa wanki, daga wanki zuwa ruwan bagaruwa. Fata bakwai muka rasa, duk daga ramin farko. Babu ta amana ko ɗaya a ciki.

Inna ta ci gaba da narka man kaɗanya kullum da asuba, tana shafa min a yatsun da suka tsattsage. Ranar Juma'a Husaina ta ɗauko littafinta. Na ce ta bari. Ta kama hannuna da ƙarfi ta shafa tawadar ta danna. Ta ajiye sabon shafin kusa da na satin da ya wuce.

"Kwana tara ya rage maka ranar da ka cire safar, Yaya. Kwana tara kacal."

"Fatun mutane ne."

"Na sani. Wata biyar ina karanta maka takardu, na san komai." Ta rufe littafin. "Da ka gaya min tun farko ba za ka tafi ba, da ban sa rai ba."

"Zan tafi."

"Da me?"

Duk da haka na je. Na hau motar nan, na zauna a kujerar nan, na tarar da matar nan mai tabarau. Ta gane ni, ta yi murmushi, ta ce, "Mai fata." Da na ɗora hannuna a tebur murmushin ya tafi.

Injin ya karɓi yatsu uku, ƙananan biyu da na kusa da ƙaramin hagu. Sauran bakwai ja. Ta gwada sau biyar, ta kira wani ya gwada. Ta shiga ciki, wannan karon ba ta daɗe ba. Ranar da ke akwai nan gaba sai cikin Disamba. Na nuna mata kwanan watan da ke kan izinina. Ta ce ta gani.

"Na ce kar ka taɓa komai."

"Sallah ce ta zo."

Ban san ko ta gane ba. Ta mayar min da fasfo da duk takarduna, ta jera su yadda na kawo su, ta ƙara da wata ƙarama mai cewa ba a kammala ba.

A bakin titi na kira tafinta. Ya ce zai gaya wa maigida. Bayan awa ɗaya ya kira, ya ce maigida ya yi baƙin ciki ƙwarai. Izinin ba a sabunta shi, sai dai a sake nema daga farko, kuma gwamnatinsu ta rufe karɓar sababbin sunaye. Wataƙila baɗi. Ya ce maigida yana gaida tsoho.

Mun iso shingen ƙarshe kafin Kano da hantsi. Aka ce kowa ya sauko, hannu sama, a wuce ɗaya bayan ɗaya. Ina tsakiyar layi wani soja ya tsayar da ni da bakin bindiga. Tafin hannuna yake kallo. Fatar ta saɓule, ta tsattsage, bagaruwa ta rina ta ja-ja baƙi-baƙi.

"Me kake haɗawa da hannun nan?"

Na ce jima nake yi. Bai san jima ba. Ya tambayi abin da ya ƙona ni, na ce toka da kabayid. Da ya ji kabayid, abin da ake zargin ana haɗa bam da shi, sai ya kira wani. Suka fitar da ni daga layi, suka zaunar da ni a ƙasa kusa da buhunan yashi, suka ce in cire riga. Ledar ta faɗo. Fasinjojin motarmu suka koma ciki, kowa ya kau da kai, direba ya tayar da inji yana jira a ba shi hannu.

Babbansu ya zo, wani mai furfura a gefen kai, Bahaushe. Ya buɗe fayil ɗin a kan buhu. Ya karanta takardar 'yan sanda, sabuwa, mai sauran wata biyu. Ya karanta ta Maharazu da 'Ya'yansa mai hoton akuya, da rantsuwar kotu. Ya ɗaga hoton ƙirjina ya kalli rana ta cikinsa. Ya daɗe a kan izinin aikin.

"Ashe ƙwararre ne," ya ce wa yaransa. Ya juyo gare ni. "To kai da ake nema a Turai, me kake yi a nan?"

Ya mayar da takardun cikin leda ya miƙo min.

"Sa rigarka. Ka nemi magani ka shafa wa hannun nan, kar wani ya sake tsayar da kai inda ba ni."

Wata biyar na yi ina tara takardun nan don su fitar da ni daga Kano. Aikin da suka yi min ke nan, suka shigar da ni.

Ban bi ta gida ba. Ban shirya ganin Husaina ba. Na sauka a Ƙofar Wambai na bi lungu zuwa majema. Fatun layya suna shanye a kan igiya, wasu an fara shafa musu mai. Baba yana zaune a kan turmi, tsumma a yatsansa, tulin busassun fata a gabansa da ba a ware ba. Da alama tun tafiyata suke nan.

"An dawo?" ya ce, bai ɗago ba.

"An dawo."

Bai tambaya ba. Na rataye ledar a ƙusar da Salihu ke rataye rigarsa, na jawo buhu na zauna. Ya ɗauki ta sama ya miƙo min. Na shafa ta daga wuya zuwa gindi. Kaska ta ci ta a kafaɗa, wuri uku.

"Ta biyu ce," na ce, na ajiye ta hagu.

Ya miƙo wata.